Kula, tukunya ko shayin rage ƙiba: me mai son daina cin waje zai fara saya?

Shekara huɗu na yi ina da wurin zama a bencin mai shayin bakin layinmu. Ba sai na buɗe baki ba. Da ya hango ni zai fasa ƙwai biyu, ya yage ledar indomi babba, ya tsiyaya mai a kasko daga wata tsohuwar robar ruwa da ya huda wa murfi. Da rana a wurin aiki, lemon roba mai sanyi da fanke. Ranar da albashi ya shigo kuwa sai Titin Gidan Zu, a naɗo mini shawarma. Tela ne ya fara gaya mini gaskiya. Na kai ɗinkin sallah, ya zagaya tef a cikina, ya duba tsohon littafin awonsa, ya ce, "Yallaɓai, an samu ƙarin inci huɗu fa. Allah ya ƙara buɗi."

Daga nan na shiga neman abin da zan saya, kamar kowa. Wasu na saya, wasu na ara, wasu kuma na ga yadda suka ƙare a saman kabad a gidajen 'yan uwa. Yanzu tambaya ɗaya nake yi wa kowane kaya kafin in zaro kuɗi: da ƙarfe ɗaya da rabi na rana, lokacin da yunwa ta murɗa ciki kuma ƙamshin suya yana shigowa ta taga, wannan abin zai sa abinci a gabana? Mai cin waje yawanci yunwa ce ke riskar sa babu shiri, sai ya faɗa wa abin da ya fi kusa.

Kafin ciniki, ka san ta ina ƙibar ke shigowa. Robar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da sukari wajen giram 50, wato cokalin shayi 12 zuwa 13. A shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, wannan shi ne kusan iyakar abin da babban mutum zai sha a yini guda, ta ma ce rabin hakan ya fi. Cokalin cin abinci ɗaya na man girki kalori 120 ne (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki), mai shayi kuwa ba ya awo. Ita kanta indomin an soya ta tun a masana'anta, ƙunshi mai giram 120 ya haura kalori 500. Haɗa da ƙwai biyu da man kasko da shayi mai kauri, ka tsallake kalori 1,000 a zama ɗaya, rabin abin da jikin mai aikin ofis ke buƙata a yini, kuma kafin azahar cikin ya sake kira. A 2019 wani mai bincike a Amurka, Kevin Hall, ya ajiye mutum 20 a asibiti tsawon wata guda, mako biyu suna cin abincin masana'anta, mako biyu suna cin girkin da aka yi da ɗanyen kaya, kowa ya ci iya cinsa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa ƙarin wajen kalori 500 a kullum ba tare da an tura musu ba, suka ƙara kusan kilo ɗaya.

Bari in fara da abin da ya fi cin kuɗin mutane, shayin rage ƙiba. Ana tallarsa a WhatsApp da Instagram da hoton mace kafin ta sha da bayan ta sha. Da yawa daga cikinsu ganyen da ke aiki a ciki ɗan uwan filasko ne, wanda kakanninmu ke jiƙa wa mai cushewar ciki. Za ka yini kana zirga-zirgar banɗaki, sikeli ya nuna ka sauke kilo biyu, amma ruwa ne ya fita, kitsen yana nan daram. Ka sha ruwa kwana biyu, kilon ya dawo. Wanda ya daɗe yana sha kuma hanjinsa na iya sabawa har ya kasa fitar da bahaya sai da shi. Mafi muni su ne ƙwayoyin da babu lambar NAFDAC a jikinsu. A ƙasashe da dama an sha kama irinsu an cusa musu sibutramine, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ɗamarar matse tumbi ita ma gumi kawai take sa ka. Allurar nan ta mako-mako, irin su Ozempic da Wegovy, tana rage cin abinci da gaske, sai dai magani ce ta likita, tana da tsada, nauyin yakan dawo idan an daina, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa jabunta sun shiga kasuwa. Ba abin saya a hannun mai talla a waya ba ne.

Abin da na ce kowa ya fara saya shi ne kular abinci. Na san ba ta da kwarjini. Ranar da na fara shiga ofis da ita, wani abokin aiki ya ce, "A'a, an mayar da kai firamare ne?" Bayan mako biyu shi ke leƙo ta yana tambayar me aka dafa.

Kala uku za ka tarar a Sabon Gari. Mai roba ciki da waje ita ce mafi araha, amma kafin azahar abincin ya huce, ga ta da riƙe warin manja da daddawa ko ka wanke ta sau goma. Mai gilashi a ciki tana riƙe zafi sosai, sai dai rami ɗaya adaidaita sahu zai faɗa ka ji ƙaras. Mai ƙarfe marar tsatsa ciki da waje, wadda bangonta biyu ne, ita ce ta mai fita aiki. Riƙe zafin nan ba don daɗi kawai ba ne: dafaffen abinci idan ya sauka ƙasa da digiri 60 ya daɗe a haka, ƙwayoyin cuta na samun wurin yaɗuwa, a zafin Kano kuwa wake ba ya jira. A shago ka buɗe murfin ka duba robar da ke zagaye da bakinsa, ka ja ta da yatsa. Idan ta yi sako-sako miya za ta zube maka a jaka. Ka yi sharaɗi da mai shago cewa za ka gwada a gida. Zuba tafasasshen ruwa, rufe, ba ta minti goma, taɓa jikinta. Idan bayan ya ɗau zafi, zafin guduwa yake yi, mayar masa da kayansa. Kowace safiya kuma ka ɗauraye ta da ruwan zafi kafin a zuba abinci.

Girma fa? A nan mutane ke kuskure. Mai shago zai miƙo maka ƙatuwa mai hawa huɗu ya ce ta fi riba. Duk kular da ka saya sai an cika ta, musamman idan uwargida ko Hajiya ce ke zubawa, kai kuma sai ka ga ƙarshenta. Wadda ba ta wuce lita ɗaya ba, mai hawa biyu, ta ishe ka: ƙasa wake ko dambu ko fate, sama kwaɗon zogale ko nama. Kular ita za ta yi maka awon da kai ba za ka iya yi ba idan yunwa ta zo.

Sai dai kula ba ta girki. Mai iyali ya huta, magana ce kawai da uwargida a rage mai a ƙara ganye. Gwauro da ɗalibi da ma'aikaciyar da ke fita tun bakwai su ne ke tsayawa tsakanin kaya biyu: tukunyar nan mai kulle tururi da na'urar suya da iska mai zafi.

Ni tukunyar na zaɓa, kuma dalilina wake ne. Babu abincin da ke riƙe ciki da araha kamarsa, abin da ke hana mutane dafa shi daɗewa da cin gas. A cikin tukunyar, tururin da aka kulle yana sa zafin ruwa ya kai wajen digiri 120, sai waken da ke cin sa'a ɗaya da rabi ya nuna a cikin minti 25 zuwa 30, ba tare da an jefa kanwa ba. Haka ganda da naman kai. Tana aiki a kan gas ko risho, babu ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke. Mai lita biyar ko shida ta isa mutum ɗaya zuwa uku. Kafin ka biya, tambayi mai shago ko yana sayar da robar murfinta daban, domin ita ke fara mutuwa, kuma tukunyar da ba a samun robarta ta zama tukunyar banza mai nauyi. Idan wake ne kada ka cika ta fiye da rabi, kumfarsa na toshe hancin da tururi ke fita. Kada kuma ka yi kokawa da murfin sai tururin ya gama sauka.

Na'urar suya da iska kuwa abin sha'awa ce. Cinyar kaza ko kifi ko awara ko dankali, ka shafa musu cokalin shayi ɗaya na mai su fito ƙus-ƙus, maimakon su yi iyo a kasko. Ga wanda jarabarsa kaza da soyayyen dankali ce, tana iya raba shi da gidan cin abinci. Amma yawancinsu suna jan wat 1,200 zuwa 1,800, ƙaramin janareton gida ba zai ɗauka ba, kuma a unguwar da sai tsakar dare ake kawo wuta ta zama ado. Ba ta ƙosai, ba ta fanke, duk wani ƙullu mai ruwa zubewa yake ta ramukan kwandon. Wata ƙanwata ta sayi tata da ɗoki, wata uku tana cin dankali kullum tana mamakin yadda siket bai saki ba. Idan kana da tsayayyiyar wuta ko sola mai ƙarfi, saye ta a matsayin kaya na uku.

Wanda ba shi da wurin girki sam, kada ya sayi ko ɗaya. Ya ɗauki kularsa ya je wurin mai abincin unguwa, irin dattijuwar da ke sayar da shinkafa da wake ko tuwo, su yi yarjejeniyar mako. "Baba, a yawaita wake a rage shinkafa, mai cokali ɗaya, a sa mini kabeji." Kwana uku za ta haddace. Gishiri da magi ba a hannunka suke ba, mai hawan jini ya lura da wannan, amma duk da haka ya fi indomi da lemo nesa ba kusa ba. Masu kawo abincin rage ƙiba har ofis a 'yan robobi masu kyau suna da tsafta da awo, matsalar ita ce kuɗin. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin kawowa kaɗai ya isa ya sayi kwanon abinci, kuma tsarin da aljihu ba zai jure wata shida ba bai cancanci a fara shi ba.

Saura abin da za a taɓa tsakanin la'asar da magariba, lokacin da ƙafa ke son komawa tsohuwar hanya. A nan na sha ƙasa. Na sayi kwalbar soyayyar gyaɗa na ajiye a durowa ina ganin na yi dabara, kwana biyu na ga gindinta. Giram 100 na gyaɗa ya kusa kalori 600. Ba laifinta ba ne, laifin kwalbar ne. Ka sayi ƙulli ɗaya, idan ya ƙare ya ƙare. Dabino uku sun isa, shi ma sukari ne. Dafaffen ƙwai bai kai kalori 80 ba kuma yana tsayawa a ciki. Yalo, gurji, goba, karas, waɗannan ka ci har muƙamuƙi ya gaji. Tsire ba haram ba ne ga mai rage ƙiba, ka dai ce a zaɓo maka marar kitse kuma kada a yaryaɗa mai a kai.

Abin sha ya fi sauƙi: gorar ruwa mai riƙe sanyi, ta ƙarfe marar tsatsa. Rabin lemon da nake sha sanyinsa nake nema. Lemon kwali da na malt su ma cike suke da sukari kamar na kwalba, kada sunan 'ya'yan itace ya ruɗe ka. Zoɓon gida da citta da kanumfari, babu sukari ko da ɗan kaɗan, ya fi su duka. Fura da nono kuwa abinci ce sukutum, a sha ta a madadin abincin rana, ba a kora tuwo da ita ba.

Sikeli ko tef? Tef ɗin tela ya fi araha kuma ya fi faɗin gaskiya. Auna ƙugu a wajen cibiya, ya kasance bai kai rabin tsawonka ba: mai tsawon santimita 170 ya nemi ƙasa da 85. Idan ka sayi sikeli, sau ɗaya a mako ya isa, da safe kafin karin kumallo, domin nauyi na hawa da sauka a yini saboda ruwa da gishiri. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saukar da ke ɗorewa. Mai ciwon sukari da ke shan magani, da mai juna biyu, da mai shayarwa, su fara ganin likita kafin su taɓa abincinsu.

Ni dai jerin sayayyata ya tsaya a kula, gorar ruwa, tef, sai tukunya a wata na biyu. Bencin mai shayi ban bar shi gaba ɗaya ba, hirar da ake yi a wurin ba a samun ta a kula. Ranar Asabar nakan je in ce a dafa mini ƙwai biyu, shayi babu sukari. Ranar farko ya tsaya da ledar indomi a hannu ya dube ni, ya ce, "Lafiya dai ko, Yallaɓai? Ko likita ne ya hana?" Na ce masa tela ne.