Sharhi kan zaman kyauta na wani ofishin lauyoyin aure da gado a Kano

Ofishin lauyoyi ne mai zaman kansa a cikin Kano, kuma kusan duk aikinsa na iyali ne: saki, khul'i, riƙon yara, kuɗin ciyarwa da rabon gado. Sau ɗaya a wata, ranar Asabar, lauyoyinsa sukan tare a wata makarantar Islamiyya su saurari masu matsala ba tare da karɓar ko sisi ba. Ban da wannan, suna rabon kayan abinci ga zawarawa da iyayen marayu in azumi ya kama, wani lokacin kuma su biya wa ɗaurarru tara. Ta zaman Asabar ɗin na yi hulɗa da su, kan maganar gado, don haka a kansa sharhin zai fi tsayawa. Sunan ofishin kuwa na bar shi, tunda da yabo da suka duk za su shigo.

Rabon abincin ba ni da dogon zance a kansa. Shinkafa ce da man girki da sukari, ana bi ta hannun masu unguwanni da limamai, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Alheri ne, Allah ya ba da lada, amma ɗan kasuwa ma yana yi, ɗan siyasa ma haka. Abin da sai lauya zai iya bayarwa shi ne ya zauna ya karanta takardarki, ya gaya miki inda kike da gaskiya da inda ba ki da ita. Da wannan nake auna su.

A bakin ƙofa akwai teburi, wata ma'aikaciya tana rubuta suna, unguwa, lambar waya da matsalar a taƙaice, ta miƙa kati mai lamba. Tambayarta ta farko ga kowa ita ce, “Hajiya, maganar ta taɓa zuwa gaban alƙali?” Tambaya ce ta wanda ya san aiki. Wadda aka riga aka yanke wa hukunci lokaci ba ya jiranta, kwana 30 ne wa'adin ɗaukaka ƙara, in ya wuce sai an roƙi kotu ƙarin lokaci tare da kawo dalilin jinkirin. Irin waɗannan ake fara shigarwa ko da sun zo a makare. Sauran a raba su gida uku: masu neman shawara kawai, waɗanda za a gwada wa sulhu, da waɗanda ba makawa sai an shigar da ƙara.

Yawancin masu komawa gida ba tare da biyan buƙata ba, hannu rabbana suka zo. Mai maganar aure ta taho da takardar aure in akwai, in babu ta san sunan waliyyi da wakilin ango da mutum biyu cikin shaidun ɗaurin auren, da adadin sadakin da aka ambata. Ta haɗa da takardar saki, takardun haihuwar yara na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, rasit na makaranta da na asibiti, da duk wani sammaci ko kwafin hukunci da ke hannunta. Mai maganar gado ya zo da shaidar mutuwa, takardun gida ko fili, bashin da ake bin mamacin da wanda yake bi, da jerin duk wanda ke raye ranar da aka yi rasuwar, har da iyayen mamacin da cikin da ba a haifa ba.

Takardar saki ita ce ta fi ba su aiki. Galibi fallen littafin makaranta ne da aka yago cikin fushi. Abu uku lauyan ke dubawa: lafazin da aka rubuta, adadin sakin, da kwanan wata. Kwanan watan ne aka fi mantawa, kuma a kansa rigimar kome take tashi, miji ya ce ya mayar da ita tana cikin idda, ita ta ce tsarkinta uku ya cika tuni. Suna ɗaukar hoton takardar su mayar wa matar da asalinta, su ja mata kunne kada ta ba dangin miji da sunan za a je a daidaita. Wadda aka saka ta waya kuma, kada ta goge saƙon, kada ta sayar da wayar. In miji ya musanta a kotu, sakin ba ya tabbata sai da shaidu biyu maza adilai, don haka duk abin da zai sa ya amsa da bakinsa yana da amfani.

Inda na fi jinjina musu shi ne khul'i, wato mace ta biya miji ya sake ta. Mata da yawa suna zuwa a gajiye, maganarsu ɗaya, “Barista, ni dai a raba, ko nawa ne zan nemo in biya.” Ba sa saurin rubuta mata ƙarar haka. Sai sun tambaya ko akwai duka, ko rashin ci da sha, ko ƙaurace wa shimfiɗa. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Arewa ke hukunci da ita, in cutarwa ta tabbata alƙali yana iya raba auren ba tare da matar ta biya komai ba, kuma a wannan babi ana karɓar shaidar abin da ya bazu a bakin maƙwabta. Katin asibiti na ranar da aka yi dukan yana ƙarfafa magana ƙwarai. In rikici ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ba a gane mai laifi ba, akwai hanyar hakamai biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara. Sai duk wannan ya faskara ake komawa khul'i. A can ma sukan tsaya kan sadakin da aka ambata, su bar miji ya kawo hujjar duk abin da ya ɗora a kai na lefe da kuɗin gaisuwa. Gargaɗin da suke maimaitawa shi ne kada mace ta yarda a sa sarayar da riƙon 'ya'yanta cikin sharaɗin khul'i don kawai ta samu ta fita, domin sharaɗin yana iya zaunawa, ta dawo tana kuka babu yadda za a yi.

Kan riƙon yara ma suna gyara fahimtar da ta yi kaka-gida, cewa da an yaye yaro ko ya kai shekara bakwai na uba ne. A Malikiyya uwa ce ke riƙe ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙon yakan koma wa kakar wajen uwa kafin a zo kan uba. Ciyarwa tana kan uba duk inda yaran suke. A nan suna sa mace ta rubuta lissafi: abinci a wata, kuɗin makaranta a zango, magani, sutura. Wadda ta ce wa alƙali “duk abin da ya sawwaƙa” abin da ya sawwaƙa za a yanka mata. Suna kuma roƙon kotu ta sa a riƙa biya ta asusun banki ko ta hannun rajistara, don in an daina a ga watan da aka tsaya.

Teburin gado wani dattijon lauya ne ke kansa, da biro da farar takarda. Wata mai takaba ta zauna gabansa da 'ya'ya mata biyu, iyayen mijin duka suna raye, ƙannensa maza kuma sun ce gidan nasu ne tunda bai bar ɗa namiji ba. Bai fara da rabo ba. Ya ce a fara cire kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya in akwai, ita ma kada ta wuce sulusi, wato ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa magaji. Sannan ya ja layi ya rubuta 24, asalin da za a kasa dukiyar a kai. Matar tumuni, wato ɗaya cikin takwas, kashi 3. 'Ya'yan biyu sulusi biyu, kashi 16. Uba sudusi, wato ɗaya cikin shida, 4, uwa sudusi, 4. Ya tara, suka ba da 27. “Hajiya, kin ga kason ya fi asalin yawa, wannan shi ake ce wa auli, kowa zai ɗan ragu daidai rabonsa.” Ya buga mata misali da naira miliyan 27: ita miliyan 3, kowace yarinya miliyan 8, iyayen miliyan huɗu-huɗu. Ƙannen mijin ba su da komai, uba ya katange su. Ya gaya mata gaskiya cewa tumuninta ya koma ɗaya cikin tara, kada wani ya zuga ta cewa an cuce ta. Ya kuma ce kada ta sa hannu a takardar sayar da gidan kafin kotu ta tura a yi masa ƙima, domin a ƙimar ake cin marayu, ba a lissafin ba.

Kuɗin da ke banki da na fansho nan ne mutane ke shan mamaki. Wanda mamaci ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa ba shi ne magaji ba, mutum ne da za a tuntuɓa kawai. Banki da kamfanin fansho sukan nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda ake samu daga sashen gado na babbar kotun jiha, kuma tana ɗaukar watanni. Ga ma'aikacin da ya rasu yana bakin aiki, suna tunatar da iyali inshorar rai ta ma'aikata, wadda dokar fansho ta 2014 ta ce kada ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara. Iyalai da dama ba su ma san da ita ba.

To, ga inda suka gaza. Wannan labarin na mai takaba, ai bai kamata in ji shi ba. Aji ɗaya ne aka jera tebura huɗu, babu ko labule, maganar shimfiɗa da ta duka ana yin ta maƙwabciya tana zaune a benci tana sauraro. Shi ya sa wasu ke rage zance, lauya kuma ya ba da shawara kan rabin labari. Makarantar tana da azuzuwan da ke kulle ranar, buɗe biyu zai magance wannan. Lauyoyi mata ma sun yi kaɗan ga taron da kusan duka mata ne.

Na biyu, kalmar kyauta ba a fayyace ta da wuri. Abin da aka yafe ladan lauya ne. Kuɗin shigar da ƙara, na kai sammaci, na kwafin shari'a in za a ɗaukaka, na masu yi wa gida ƙima, da kason da kotu ke karɓa a kan dukiyar gado, duk suna kan mai ƙara. Ga kuɗin mota na shaidu duk ranar zama, kuma zama ana ɗage shi. Sai an je kotu mace ke jin wannan, wata daga nan take watsar da maganar. Kafin a tashi daga teburi, a nemi su rubuta abin da suka ɗauka da abin da ba su ɗauka ba, da sunan lauyan da aka ba fayil ɗin da lambarsa. Duk abin da aka biya a kotu a karɓi rasit.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Manyan ne ke ba da shawara ranar Asabar, amma fayil in ya tafi kotu yakan faɗa hannun sabon lauya ko ɗan hidimar ƙasa, kuma hannun yana sauyawa. Wanda bai goge da kotun shari'a ba yakan shigo da salon babbar kotu, ya manta da abubuwan da shari'ar ke tsayuwa a kansu. Misali i'izari, wato alƙali ya tambayi ɓangarorin ko suna da sauran hujja kafin ya yanke hukunci. In ba a yi shi ba, ko ba a rubuta an yi ba, kotun sama tana iya rushe hukuncin a koma farko. Haka nan wa za a ba rantsuwa, da a wane mataki. Bayan hukunci kuma ƙafarsu takan ɗauke. An ci shari'ar kuɗin ciyarwa, uba ya biya wata biyu ya yi shiru, komawa kotu don a tilasta masa ba ya cikin abin da suka saba bibiya sai an matsa.

Ba na ganin laifi in ofishin yana samun wani abu a ciki. Sashe na 18 na dokar ba da agajin shari'a ta 2011 ya ce mai neman muƙamin babban lauya na SAN sai ya nuna ya gudanar da aƙalla shari'u uku kyauta a shekarar da ta gabaci neman nasa, kuma wanda aka taimaka wa yau shi zai kawo ɗan'uwansa mai kuɗi gobe. Amfanin sanin haka shi ne mai ƙara ta daina jin nauyin kiran waya ta tambayi inda aka kwana.

Wanda buƙatarsa shawara ce, ko lissafin gado, ko a rubuta yarjejeniyar sulhu da shaidu, zaman ya ishe shi, kuma da wuya ya samu wanda ya fi shi ko da kuɗinsa. Mai doguwar shari'a ya haɗa da wata ƙofar. Hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976, tana karɓar waɗanda samunsu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma naira 70,000 a 2024. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana da reshe a Kano, Hisba kuma tana sulhun ma'aurata a ofishinta na Sharaɗa da na ƙananan hukumomi. Masu auren rajista su faɗa tun a teburin bakin ƙofa, don nasu ba na kotun shari'a ba ne, babbar kotu ce ke raba shi bisa dokar shari'ar aure ta 1970, kuma ba a shigar da ƙarar rabuwa kafin auren ya cika shekara biyu sai da izinin kotu.