Jama'a ku yi hattara da mai saida hawainiyar Madagaska a WhatsApp

Tun shekaranjiya nike son rubuta wanga abu amma in na ɗauki waya sai raina ya ɓaci in aje. Naira 120,000 jama'a. Dubu 120 anka cinye min kan hawainiya, na san akwai masu cewa mi ya kai ka, to ku karanta tukuna kafin ku yanke min hukunci.

Ni ba baƙo ba ne a harkar nan. Shekara biyu ina kiwon irin tamu ta gida wadda yara ke kamowa a lambunan Kwalkwalawa, na san ba ta shan ruwa a kwano sai ka fesa ma ganye ta lashe, na san fara da gyare sai an barbaɗa musu hodar kalsiyam in ba haka ba ƙashinta ya yi laushi ƙafa ta lanƙwashe, na san ba a haɗa maza biyu keji guda. Burina kawai in samu ta Madagaska, wadda ake ce ma panther, namijin nan mai ja da shuɗi na yankin Ambilobe.

Wanga mutum ya ce yana Legas. Abin da ya kashe ni, kuma har yanzu shi ke min yawo a kai, da na ce ina Sakkwato sai ya ce, "Malam gaskiya ba zan saida maka ba, zafinku na wuce digiri 40 a Afrilu, wannan dabbar laima take so, kana da fitilar UVB, mai ba ta haske irin na rana? Kana da ɗaki mai sanyi?" Ku ji fa. Ba zan saida maka ba. Wane ɓarawo ne zai ƙi kuɗi? Ni na koma ina roƙonshi, ni na ɗauki hoton kejin raga da mai walda ya haɗa min, da fitilar, da tukunyar shuka, na tura mishi don ya yarda da ni. Sai da ya ja min rai kwana biyu sannan ya ce to ɗan'uwa na ga kai mai kula ne. Wallahi har daɗi na ji.

Na tura 85,000. Sunan akawun ɗin daban da nashi, ya ce na matarshi ne, na gani da idona kuma na tura. Daga baya 15,000 kuɗin mota da kwali. A'a na manta, kafin na mota akwai 20,000 na takardar CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, kuma nan ma ba ƙarya ya ƙirƙiro ba don yarjejeniyar tana nan tun 1973, irin waɗannan hawainiyoyin ba a ƙetare iyaka da su sai da izini, na san haka tun kafin in san shi. Shi ya sa ban yi gardama ba. 85, 20, 15. Bidiyon da ya turo tun farko tana tafiya a hannun mutum amma ba a ga fuska ba, na ce mu yi kiran bidiyo ya ce netwok, sau uku yana cewa netwok.

Ranar da direba ya kira ni daga tasha da ƙanena munka tahi, har na faɗa ma abokai su zo gani da yamma. Kwalin taliya ne an huda mishi ramuka da biro. Na buɗe, hawainiyar gida ce, irin wadda ke kan dogonyaron ƙofar gidanmu, ta yi baƙi ƙirin don wahala, idanu sun faɗa ciki, haƙarƙari a waje, da na sa mata yatsa ko riƙo ba ta iya yi ba. Babu takarda babu komi. Ƙanena ya kalle ni ya ce Yaya ita ce wannan? Ban iya ba shi amsa ba.

Na kira mutumin ya ɗauka fa, ya ce gajiyar hanya ce Malam kala za ta dawo. Ni za ka faɗa ma kala? Ko kan ba iri ɗaya ba ne, ta Madagaska tana da tudu a saman hanci. Kafin magariba ya yi bulokin ɗina. Na yi ta fesa mata ruwa da dare, ta lashi ɗigo biyu ko uku, kwana na huɗu na tarar da ita a ƙasan keji ta mutu. Dabbar da ba ta ci mishi komi ba ya cusa ta a kwali ba ruwa.

Sikirinshot na hirarmu da rasit ukun duk suna wajena, zan sa su in na rufe bayanan akawun ɗina. Kar ku tura ko sisi sai kun ga dabba da fuskar mai ita a kiran bidiyo, in sunan akawun ya bambanta ku gudu.

Dubu 120. Kuma ni na roƙe shi ya karɓa, ni na tura mishi hoton keji don ya yarda da ni.