Ƙwayar waken suya ta kwalba: kuɗina sun tafi a banza

Tun da aka yi wa Yaya aikin sankarar mama aka ɗora ta a kan tamoxifen, maganin da ke taimakawa wajen hana ciwon dawowa, zafin jiki ya sa ta gaba. Tsakar dare sai ta farka sharkaf da gumi, ko ana tsananin hunturu. A wani zauren WhatsApp na ga wata mai kayan mata tana tallar ƙwayar isoflavone, wai daga waken suya aka tato ta, tana kwantar da irin wannan zafin. Ban yi shawara da kowa ba na tura kuɗi.

Kwalbar fara ce da koren murfi, ƙwaya 60 a ciki, rubutun jikinta ƙanana kamar tawagar kiyashi. Na juya ta ko'ina, babu lambar NAFDAC. Allah Ya taimake ni ban ba Yaya ba sai da muka je asibiti ranar ganin likita.

Likitar ta karanta, ta tura min ita gefe. "Hajiya, wannan kam a'a." Ta ce sinadarin da ke ciki, genistein, yana kama da estrogen, wani sinadari na jikin mace, wanda irin ciwon Yaya ke samun ƙarfi da shi, kuma an taɓa gwada shi a ɓeraye ƙullutun sankarar ya daɗa girma. Ƙwaya tana tattara shi da yawa wuri guda, ba a kuma tabbatar da amincinta ga masu wannan ciwo ba.

Sai na ce ai shi ya sa muka hana Yaya awara wata da watanni, maƙwabta sun ce tana tayar da ciwon. Nan likitar ta yi dariya. Ta ce jikin ɓera ba ya sarrafa sinadarin yadda namu ke yi. A birnin Shanghai na ƙasar Sin an bi mata 5,042 masu sankarar mama, aka fitar da sakamakon a 2009: waɗanda suka fi cin abincin waken suya ciwon ya fi ƙarancin dawo musu, har da masu shan tamoxifen. Awara, madarar waken suya, duk ta ci daidai misali.

Wato abin da na kashe wa kuɗi shi ne abin gudu, wanda muka hana ta kuwa ba laifinsa.

Mai kayan ta ce ba a mayar da kaya, daga baya ta daina ɗaga wayata. Kwalbar tana nan saman durowa. Da yammar ranar na aiki yaro bakin layi, ya kawo wa Yaya awara mai zafi da kabeji da yaji, ta cinye tas ba ta ko yi min tayi ba.