Hular lauya da na saya wa ƙanwata a wani shago na Ahmadu Bello Way, Kaduna

Jama'a duk mai ɗan'uwa da ya gama makarantar lauyoyi ta Bagauda yana jiran a rantsar da shi a Abuja, ga abin da na gani. Shagon ƙarami ne amma mai shi ya san kayansa gaskiya, hula kala biyu ya fito mana da ita, ta roba da kuma ta gashin doki na ainihi. Ta robar araha ce amma ƙyallinta ya yi yawa wallahi, daga nesa za ka gane, kuma a zafin Kaduna na watan Afrilu kai ya dahu kenan. Ta gashin dokin ita ce kaya, da hannu ake ɗaure gashin a nannaɗe shi a ɗinke kan raga, irin wadda Humphrey Ravenscroft ya ƙirƙiro a Landan tun 1822 don mutane su huta da barbaɗa hoda da shafa mai kullum, da can Turawa har da garin sitaci suke zuba wa nasu, sai da gwamnatin Ingila ta sa wa hodar haraji a 1795 aka fara watsar da yayin. Su da suka kawo mana abin ma sun rage sawa a shari'o'in da ba na laifi ba, mu kuwa muna nan riƙe gam.

Inda suka ɓata min rai kuɗin ne, ba ragi ko sisi, ga gwangwanin ajiya sai ka saya daban haba Alhaji. Ku tafi da wadda za ta sa hular ta gwada, girman kai ya bambanta kuma ba sa karɓar canji.