Makarantar Yara ko Hanyar Aiki: Wace Unguwa Iyali Za Su Zaɓa Idan Sun Tashi?

Idan aiki ya ɗauke iyali zuwa sabon gari, gida ake fara sa wa ido: ɗaki nawa ne, akwai tsakar gida, nawa ne haya. Alhali gida yana gyaruwa. Ana yi masa fenti, ana sauya ƙofa, ana iya ƙara ɗaki. Abin da ba ya gyaruwa shi ne inda aka dasa shi. Tazarar da ke tsakaninsa da makarantar yara, da wadda ke tsakaninsa da wurin aiki, za ku riƙa biyanta safe da yamma muddin kuna ciki. Shi ya sa nake ganin unguwa ya kamata a fara zaɓa kafin gida, kuma a auna ta da safiyar ranar aiki, ba da yammacin ranar hutu ba, lokacin da dillali ya fi son zagayawa da mutum, titi fayau, ko'ina tsit.

Galibi unguwanni iri uku ne ke ja-in-ja a zuciyar mai tashi. Akwai wadda makarantarta ta yi suna. Akwai ta bayan gari, mai manyan gidaje da sauƙin kuɗi. Sai ta kusa da wurin aiki, inda gida ƙarami ne kuma da tsada.

Ta farkon ce ta fi jan hankalin iyaye, kuma ba laifi ba ne, kowa yana so ɗansa ya sami karatu mai kyau. Sai dai a sani, sunan makaranta yana shiga cikin kuɗin gida. A ƙasashe da dama, adireshin gida ne ke yanke makarantar gwamnatin da za a ba yaro, don haka gidan da ke cikin iyakar makaranta mai suna ya fi na tsallaken titi tsada ko da gininsu iri ɗaya ne. A shekarar 1999 wata masaniyar tattalin arziki, Sandra Black, ta kwatanta gidajen da ke ɓangarori biyu na irin wannan iyaka a jihar Massachusetts ta Amurka. Ta gano cewa idan makin jarrabawar makarantar firamare ya ɗara da kashi 5 cikin 100, iyaye kan ƙara kusan kashi 2.5 cikin 100 a kuɗin gida. Wato ko makarantar kyauta ce, ana biyan kuɗinta ta hannun mai gida.

To me ake saye da wannan ƙarin? Nan ne nake so iyaye su tsaya su yi nazari. Sakamakon jarrabawa da ake bugawa ba aikin malamai kaɗai yake nunawa ba, har da irin gidajen da yaran suka fito. Tun a 1966 rahoton da James Coleman ya jagoranta a Amurka, wanda ya shafi ɗalibai sama da 600,000, ya nuna cewa halin gidan da yaro ya fito ya fi kayan aikin makaranta tasiri a kan bambancin sakamako. Makarantar da ke karɓar yaran da suka iya karatu tun daga gida, ga malamin darasi da yamma, za ta fito da maki mai kyau ko da malamanta ba su yi wani abin a-zo-a-gani ba. Wata makarantar kuma tana karɓar yaro yana tangal-tangal, ta miƙar da shi cikin shekara biyu, amma sunanta ba zai hau saman jeri ba. Wannan dalilin ne ya sa Ingila ta ɓullo da ma'aunin Progress 8 a 2016, wanda ke duba ci gaban da ɗalibi ya samu daga ƙarshen firamare zuwa ƙarshen sakandare maimakon makin ƙarshe kawai. Ko a inda babu irin wannan ma'auni, tambayar tana nan: yaro ya shigo a ina, ya fita a ina?

Gani ya kori ji. Ku je makarantar ana cikin karatu, ba ranar da aka share ta don baƙi ba. Ku nemi a nuna muku littafin aikin wani ɗalibi a ajin da ɗanku zai shiga. Ku buɗe tsakiyarsa. Akwai jan biro na malami? Gyara ne na gaske, an zagaye kuskure an rubuta daidai a gefe, ko alama ce kawai aka zuba? Ranar ƙarshe da aka duba aikin, makon nan ne ko watan jiya? Wannan littafin ɗaya ya fi allon talla faɗin gaskiya. Ku leƙa banɗakin ɗalibai, don makarantar da ke kula da banɗaki tana kula da sauran abubuwa. Ku tambayi shugaban makaranta malamai nawa suka bar aiki bara, ku kuma lura da yadda zai amsa. Sannan ku ƙirga kawuna a aji, musamman idan yaranku ƙanana ne. A gwajin da aka yi a jihar Tennessee daga 1985 zuwa 1989, yaran farkon firamare da aka sa a aji mai ɗalibai 13 zuwa 17 sun fi na aji mai 22 zuwa 25 ƙoƙari a karatu da lissafi.

Kuma kada ku sa hannu a takardar gida sai kun tabbatar akwai gurbi. Zama a unguwar makaranta ba shi ne samun kujera a cikinta ba. Makaranta mai suna ita ce ta fi cika, kuma iyakar yankinta tana iya sauyawa. A rubuce za ku nemi amsar, daga makarantar ko hukumar ilimi, ba daga bakin mai neman ya ba ku gida ba.

Unguwar bayan gari kuwa da ido take kama mutum. Ga fili, ga iska, ga ɗakin kowa daban, kuma kuɗin bai kai na ƙaramin gida a tsakiyar gari ba. Ni kaina na fahimci masu zaɓenta, domin yaro yana bukatar inda zai yi gudu. Amma sauƙin nan da lokaci ake biyansa, lokaci kuwa ba ya fitowa a takardar haya. Ku yi lissafin da kanku. Ƙarin minti 20 a zuwa da minti 20 a dawowa, kwana 5 a mako, mako 48 a shekara, ya kama awa 160. Kwanakin aiki 20 ke nan cur, na awa takwas-takwas, mutum yana zaune a mota. Idan miji da mata duka suna fita aiki, a ninka.

Masana sun daɗe da lura cewa ɗan Adam yana da iyakar tafiyar da yake jurewa kullum. Cesare Marchetti, wani masanin kimiyya ɗan Italiya, ya rubuta a 1994 cewa a zamanai da wurare daban-daban mutane kan kashe kimanin awa ɗaya a rana wajen kai-kawo, ko da ƙafa ne ko da mota. Abin da ya wuce haka yana cin jiki. Alois Stutzer da Bruno Frey kuma sun bi bayanan iyalai a Jamus, suka wallafa a 2008 cewa masu doguwar tafiya zuwa aiki sun fi ƙarancin gamsuwa da rayuwarsu, kuma babban gida ko ƙarin albashi bai cike musu giɓin ba. Abin ba mamaki. Babban falo ana sabawa da shi cikin ɗan lokaci, amma cunkoso ba a saba masa, don yau minti 40 ne, gobe awa ɗaya da rabi.

Wanda ba a cika tunawa da shi a wannan lissafi ba shi ne yaron. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa yaro mai shekara 6 zuwa 12 ya sami barcin awa 9 zuwa 12, matashi mai 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Yaron da dole a tashe shi ƙarfe 5 na asuba don a riga cunkoso, sai ya kwanta ƙarfe 8 na dare kafin ya sami awa 9. Idan iyayensa ba sa isowa gida sai bayan 7, yaushe aka ci abinci, yaushe aka duba aikin gida, yaushe aka yi hira? Ku dube shi a kujerar baya, jaka a cinya, kai ya jingina da gilashi, baki a buɗe. Wannan yaron ne za a sauke a ƙofar makaranta mai suna a ce ya fahimci lissafi a darasin farko. Makaranta mai matsakaicin kyau da yaro ke isa cikin minti 10 da barcinsa cikakke, a ganina, ta fi ta ƙwarai da yake isa a gajiye.

Ta fuskar kuɗi ma arahar ba ta kai yadda take a ido ba. An saba cewa kada gida ya ci fiye da kashi 30 cikin 100 na kuɗin shiga. Wata cibiyar bincike a Chicago, Center for Neighborhood Technology, ta ce a haɗa gida da sufuri, kada su wuce kashi 45. Wannan ma'auni ya fi gaskiya, domin gidan nesa yakan tilasta sayen mota ta biyu, da mai, da taya, da gyara. Ku rubuta kuɗin haya da na hanya a layi ɗaya ga kowace unguwa kafin ku ce wannan ta fi sauƙi.

Za a ce muku ana shirin faɗaɗa titi, ko za a kawo layin dogo. Kada ku biya kuɗin alkawari. Ko an faɗaɗa, binciken Gilles Duranton da Matthew Turner na 2011 a biranen Amurka ya nuna cewa yawan tuƙi yana ƙaruwa kusan daidai da ƙarin tituna. Sabon titi yakan cika.

Unguwar kusa da aiki ba ta bukatar dogon bayani. Aibinta a fili yake: matsatsi, hayaniya, tsada, wani lokaci makarantun ba su da filin wasa. Alherinta shi ne idan aka kira daga makaranta an ce yaro ba lafiya, cikin minti 15 kun isa. Ga masu yara 'yan ƙasa da shekara 5, waɗanda kulawa suka fi bukata a kan jerin sakamakon jarrabawa, ita nake fara dubawa. Sai dai a tuna aiki yana sauyawa. Idan kuka liƙe wa ofis ɗaya a can ƙarshen gari, ranar da aka yi muku sauyin wuri lissafin ya rushe.

Akwai ta huɗu da ba a cika tallata ta ba, kuma sau da yawa ita ce mafita: unguwa mai matsakaicin nisa da ke kan layin bas ko jirgin ƙasa, mai makaranta mai kyau ko da ba ta yi suna ba. Minti 35 a jirgin da ke tashi kan lokaci ya fi minti 30 a motar da ba a san ranar da za ta zama awa ɗaya ba. A cikinta ku nemi gidan da bai wuce mita 800 daga tasha ko makaranta ba, tafiyar kusan minti 10 a ƙafa. Yaron da ke iya takawa zuwa makaranta ya sauke wa iyayensa tafiya biyu a rana, ya kuma sami wani ɓangare na motsa jikin minti 60 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so yara masu shekara 5 zuwa 17 su samu kullum. Amma sai kun taka hanyar da ƙafarku. Mita 800 da babban titi ya raba, babu gadar tsallakawa, ba kusa ba ne ga ɗan shekara 7.

Duk wadda kuke dubawa, kada ku auna gida zuwa ofis kawai. Tafiyar gaskiya gida ce zuwa makaranta, makaranta zuwa ofis, sannan a juyo. Makarantar da ke kan hanyar aiki ko da ta ɗan yi nisa ta fi wadda ke kusa amma sai an yi baya. Idan yaranku biyu suna makarantu biyu, ku duba lokacin tashinsu, ku kuma yanke tun yanzu wa zai ɗauko wa. Manhajar taswira tana taimakawa idan kuka sa mata ainihin ƙarfen da za ku fita, kuma babban adadin da ta bayar za ku ɗauka, ba ƙaramin ba. Duk da haka ku bi hanyar da kanku a ranar aiki, lokacin da makarantu ke buɗe, domin cunkoson lokacin hutu ba shi ne na zangon karatu ba. Ku tsaya a ƙofar makaranta lokacin tashi ku gaisa da iyaye. Su ne za su gaya muku titin da ruwa ke shafewa da malamin da kowa ke roƙon a sa ɗansa a ajinsa.

Shekarun yara su ne za su karkatar da ma'aunin. Mai ƙananan yara ya fifita kusanci. Mai 'yan firamare ya nemi makarantar da ake zuwa a ƙafa, amma ya leƙa sakandaren yankin tun yanzu don kada a sake tashi bayan shekara uku. Mai ɗan da ya kusa jarrabawar ƙarshe kuwa, nan ne na yarda a sha wahalar hanya saboda makaranta: shekarun kaɗan ne, darussan da ya fara dole su kasance a sabuwar makarantar, kuma babban yaro yana iya hawa bas shi kaɗai.

Idan da hali, ku kama haya ta shekara ɗaya kafin ku sayi gida, a unguwar da kuke ganin za ku zauna, don kada yara su sauya makaranta sau biyu. Shekara guda za ta nuna muku hanyar a lokacin ruwa da lokacin sanyi, ta kuma nuna ko yaron yana dawowa da labarin abokai ko da shiru. Kafin sa hannu ku karanta sharaɗin fita daga hayar, ku san wata nawa ake ba da sanarwa, sannan ku daidaita ranar ƙarewarta da ƙarshen shekarar karatu.