Kwantirolar da na sa wa babur ɗina mai caji: ƙarfi akwai, amma ta kashe min shi a kan gada

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na jingine mashin ɗina na mai, na koma hawa babur mai caji. Nawa irin mai inji a cikin tayar baya ne, wat 2000, batirinsa litiyam 72V. Ba ni da kuka da shi sai abu guda: da zarar an ɗaura masa kaya sai ya zama rago. Ni kuwa abincina ke nan, in ɗauki atamfa da shadda daga shago a Kantin Kwari in kai wa mai saye, ko in kai tasha. In danja ta tsayar da ni da dila a baya, kafin ya tattaro ƙarfin tashi 'yan adaidaita sun cika min kunne da hon. Duk wanda na tambaya cikin masu harkar sai ya ce injin ba shi da laifi, kwantirolar da ta zo da babur ɗin, wato na'urar da ke ɗebo wuta daga batir tana tura wa inji, ita ce ƙarama, amfiya 35 kawai take iya ba shi (amfiya ma'aunin yawan wutar da ake ja ne).

Shi ya sa na je na sayi babba. Kun san inda ake sayar da su, kun kuma san kuɗinsu ba na wasa ba ne. Tawa ba Votol ba ce, ba Fardriver ba ce, waɗannan da kowa yake ambata. Wata ce daban da mai shagon ya yi ta kurantawa, kuma ba zan faɗi sunanta ko nasa ba. A jikinta an rubuta amfiya 100 daga batir. Kafin in biya sai da na nuna masa hoton takardar da ke manne a jikin batirina, na ce ya duba ko za su yi zama. Ko kallon kirki bai yi wa hoton ba ya ce, "Alhaji, indai 72 ne magana ta ƙare, ɗaurawa kawai za a yi ka hau." Ku riƙe wannan maganar tasa.

Gaskiya ranar da aka gama haɗa ta na yi murna ƙwarai. Tana da nauyi a hannu, gidanta na alminiyam ne mai tsaga-tsaga don fitar da zafi, wayoyin inji guda uku, rawaya da kore da shuɗi, kowace da noti ake ɗaure ta, ba soket ɗin roba ba. Da na murɗa totur babur ɗin ya tashi shiru, babu wannan gurnanin da na saba ji, babu fizga. Tsohuwar tana tura wa inji wuta ne a yanke, mataki-mataki, shi ya sa take ƙara da karkarwa a lokacin tashi. Wannan kuwa a hankali take ɗaga wutar tana sauke ta, tana bin juyin tayar, sai ka ji babur yana tafiya sumul. Ga birkin inji da ke mayar da ɗan caji cikin batir in ka saki totur, ga giyar baya da ke taimakona wajen fitowa daga lungun kasuwa. Kwanakin farko duk wanda ya tsaya a shagona sai na ba shi labarinta. Har wani maƙwabcina na ce wa ya je ya sayo irinta, Allah ya taimake shi kuɗinsa ba su cika ba.

Abin ya faru wata ranar Alhamis gab da magariba. Na ɗauro diloli biyu na shadda, na hau gadar sama ta Ƙofar Nasarawa. Wanda ya san wurin ya san yadda yake a wannan lokacin, kowa yana sauri ya isa gida kafin a kira salla. A gindin gadar cunkoso ya rage min gudu, don haka sai da na murɗe totur gaba ɗaya na riƙe shi. Babur ya ɗauka da kyau, yana hawa ina jin daɗi, har na wuce wata adaidaita. Ban kai tsakiyar hawan ba komai ya ɗauke. Ba wai ƙarfi ya ragu ba, ɗaukewa ya yi ɗif. Allon gudu ya mutu, fitilar gaba ta mutu, ta baya ta mutu, na danna hon babu ko ƙis, sigina ma babu, don duk daga batir ɗaya suke shan wuta. Birkin injin nan da nake yabo shi ma ya tafi tare da wutar.

Da nauyin kaya a kan hawa, cikin ɗan lokaci babur ya tsaya cik, ya fara neman komawa da baya. Na damƙe birkin hannu biyu, na sauke ƙafa. Dilar sama ta karkata hagu tana jan babur ɗin, ni kuma ina jansa dama. Sai na ji ƙarar birkin babbar mota a bayana. Da na waiwaya tifa ce, ta tsaya kusa da ni har ina jin hucin injinta a wuyana. Direban ya leƙo yana faɗa, kuma ban ga laifinsa ba, mutum ya tsaya masa a tsakiyar gada babu fitila babu sigina. Wallahi ƙafafuna rawa suke yi. Innalillahi kawai nake maimaitawa.

Wasu samari biyu da ke kan mashin ne suka tsaya, Allah ya saka musu da alheri. Ɗaya ya riƙe dilar, ɗaya ya tare min motoci da hannu, muka gangara da babur ɗin gefe. Ɗayan ya ce, "Baba, ko caji ne ya ƙare?" Na ce cike na fito da shi da rana. Na kashe makulli na kunna, shiru. Na sauke burekar da ke ƙarƙashin sirdi na mayar, shiru. Na taɓa kwantirolar, ɗumi kawai ta yi, babu warin ƙuna. Haka muka turo shi muka sauko, na tari adaidaita na loda kayan mutane na tura su da yarona, ni kuma na tura babur har wurin wani da na sani na ajiye. Sallar magariba sai bayan isha na rama ta, mai kayan kuma ya rasa motar da za ta tafi da su a daren. Har yau in na tuna tifar nan sai gabana ya faɗi.

Washegari na kira wani yaro mai gyaran inbata da kayan sola a unguwarmu, yaro ne amma hannunsa ya faɗa a harkar wuta. Bai kwance komai ba, caja kawai ya jona wa batirin na ɗan lokaci ya cire, ya kunna makulli, babur ya kawo wuta kamar babu abin da ya faru. Ya ce, "Alhaji, babu abin da ya ƙone. BMS ne ya yanke." Ya buɗe gidan batir ya nuna min wani ɗan allo da siraran wayoyi suka fito daga jikinsa zuwa kowane layin ƙwayoyin batir. Aikinsa tsaron batir, in an ja wutar da ta wuce ƙa'idarsa na wasu daƙiƙu sai ya rufe ƙofa gaba ɗaya, wasu kuma ba sa buɗewa sai sun ji caja. Nawa an rubuta masa amfiya 50, kuma wannan lambar tana nan ɓaro-ɓaro a hoton da na nuna wa mai shago. Da yaron ya haɗa wayarsa da kwantirolar ta Bluetooth sai ga shi daga kamfani a kan 100 aka saita ta. Ya yi min lissafi a bayan kwali: 72 sau 100 wat 7,200 ke nan, ana nema daga batirin da aka yi shi don rabin haka. A shimfiɗaɗɗen titi ba kaya, jan wutar na ɗan lokaci ne sai ya sauka, shi ya sa ban ga komai ba tun farko. A kan hawa da kaya kuwa, totur a murɗe, jan ya daɗe har allon ya yi aikinsa. Ya ƙara da cewa na yi sa'a, irin wannan yankewar ana tsakiyar jan wuta tana iya kashe mosfet, wato 'yan na'urorin da ke buɗe wuta da rufe ta a cikin kwantirolar kanta.

Na koma shagon da raina a ɓace. Na ce masa, "Malam, na nuna maka takardar batirina ko ban nuna maka ba?" Sai ya ce ai shi kwantirola yake sayarwa, ba batir ba, kuma kayansa lafiya lau suke, in ina so akwai babban batir a wurinsa. Ko sannu bai ce min ba. Wannan ya fi tsayuwar gadar ƙona min rai. Kayan da zai iya jefa mutum ƙarƙashin mota, tambaya ɗaya ce tsakaninsa da lafiya, amfiya nawa batirinka yake ɗauka, amma mai sayarwa bai ga ya kamata ya yi ta ba. A kwalin ma babu takardar bayani, babu zanen haɗa wayoyi, 'yan rubutun da ke jikin siraran wayoyin da Sinanci ne. Mai haɗa min sai da ya yi ta gwada wayoyin sansar cikin inji, masu shaida wa kwantirola juyin taya, da mita kafin taya ta juya daidai.

Duk da haka ba zan zalunci kayan ba. Yaron ya sauke wutar da take ja daga batir zuwa amfiya 45, ya bar wutar da ke zuwa wayoyin inji da ɗan yawa, kusan 180. A nan na fahimci lambobin biyu ba abu ɗaya ba ne. Ta inji ita ke ba da ƙarfin tashi da hawa a ƙaramin gudu, ta batir kuma ita ke iyakance jimillar abin da ake zuƙa. Ya kuma saita mata iyakar ƙasa, ta riƙa rage ƙarfi da kanta in batir ya yi ƙasa, kafin BMS ya kai ga yankewa. Batir irin nawa layi 20 ne a jere, in ya cika 84V yake nunawa, kuma da ka murɗa totur da ƙarfi sai lambar ta faɗi na ɗan lokaci, to wannan faɗuwar ma tana iya jawo yankewa in caji ya yi nisa. Tun da aka yi wannan saitin na sha hawa gadar nan da kaya, bai sake ɗaukewa ba, kuma tashinsa daga danja ya fi na da nesa ba kusa ba. In aka tambaye ni ingancin ƙarfen kansa, zan ce yana da kyau.

Sai dai fa in na zauna na lissafa sai ran nawa ya sake ɓaci. Kuɗin amfiya 100 na biya, 45 nake mora. In ina son sauran sai na canza batir gaba ɗaya, don canza BMS kaɗai zuwa babba ba gyara ba ne, cire mai gadi ne a bar ƙwayoyin batir su yi ta ɗaukar zafi, kuma litiyam in ya kama wuta kun san yadda yake. Caji ma yanzu ba ya kai ni inda yake kai ni da, musamman ranar da kaya suka yi yawa. Ga zafi. A watan Afrilu da rana take haura digiri 40 a Kano, in na dawo daga doguwar tafiya ba na iya ɗora tafin hannu a murfin injin. Injina ba shi da sansar zafi, wayar da aka tanada don haka a jikin kwantirolar tana nan a naɗe ba a jona ta da komai ba, ke nan ba ta da hanyar sanin injin yana dahuwa. Maganaɗisun da ke ciki kuwa in zafi ya yi musu yawa ƙarfinsu raguwa yake yi, kuma ba ya dawowa. Soket ɗin da ke tsakanin batir da babur, wanda ya zo da shi tun asali, shi ma na tarar gefensa ya fara narkewa tun kwanakin da take jan 100, don in wuta ta ninka biyu zafin waya sau huɗu yake ninkawa. Sai da na sayi waya mai kauri da sabon soket mai hana tartsatsi, saboda duk lokacin da aka jona batir sai ka ji tas, kafasitocin cikin kwantirolar, 'yan ma'ajiyar wuta, suna zuƙar wuta. Duk wannan kuɗi ne da babu wanda ya ambata min a shago.

Manhajar saitin ita ma abin haushi ce. Rabinta Sinanci, rabi Turancin da ba a gane kansa, kuma Bluetooth ɗin yakan yanke ana tsakiyar adana saiti. Akwai wani wuri a ciki da ke ƙara gudu sama da abin da injin ya saba, ta hanyar raunana ƙarfin maganaɗisu, yaron ya ce kada in kusance shi da wannan batirin da wannan birkin, na kuma bi maganarsa.

Wanda batirinsa babba ne, BMS ɗinsa ya kai 100, wayoyinsa masu kauri, kuma yana da wanda ya iya saiti a kusa, zai ji daɗinta. Wanda kuma babur ɗinsa yake yadda ya zo daga kamfani, ko mai batirin dalma guda shida ɗin nan, kada ya yarda a ɗaura masa ya hau titi sai an buɗe manhaja a gabansa an sauke wutar ƙasa da lambar da batirinsa yake ɗauka. Satin da ya wuce na bi ta layin shagon nan neman takalmin birki, na tarar da mai shagon da wani saurayi riƙe da irin kwalin da na saya, yana ce masa indai 72 ne ɗaurawa kawai za a yi. Na jira saurayin ya fito, na ja shi gefe na ce ya je ya karanto abin da aka rubuta a jikin batirinsa tukuna.