Gilashin hoton fuska mai sauƙin kuɗi: 50mm, 85mm ko 35mm?

Wanda ya sayi Canon 2000D ko Nikon D3500 ya fara ɗaukar hoton biki a Garwa, ba ya daɗewa sai ya ga iyakar gilashin da ya zo da kyamarar, wato 18-55mm. Amarya ta sha lalle da kwalliya, ka ɗauka, sai ga igiyar shanya da jarkokin ruwa a bayanta sun fito tar kamar fuskarta. Ba laifin hannunka ba ne. In ka zuƙo gilashin nan zuwa 55mm, buɗinsa, wato ƙofar da haske ke shiga ta cikinta, ba ya wuce f/5.6, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Mai f/1.8 kuwa yana shigar da haske kusan ninki 10 na wannan, ya kuma mayar da bayan mutum dishi-dishi, fuska ta tsaya ita kaɗai.

Ni dai in an tambaye ni, 50mm f/1.8 nake cewa a fara da shi. Yawancin kyamarorin da ke hannunmu masu ƙaramin sansa ne, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, don haka in an kwatanta da mai babban sansa, 50mm yana aiki kamar 80mm a Canon, kamar 75mm a Nikon, kuma wannan shi ne daidai tazarar da fuska ke fita da kyanta, hanci bai kumbura ba, kunne bai ja baya ba. Canon EF 50mm f/1.8 STM ya fito a 2015 kan dala 125, kuma ya fi tsohon yayansa mai lamba II nesa ba kusa ba: gindinsa, inda yake hawa kan kyamara, ƙarfe ne, na tsohon roba, saitinsa kuma, wato yadda yake daidaita hoto ya fito tar, ba shi da ƙara sosai. In bambancin kuɗinsu kaɗan ne, ɗauki STM.

Masu Nikon, a nan nake so ku natsu. Akwai 50mm f/1.8D, akwai AF-S 50mm f/1.8G na 2011. Mai D ya fi araha, amma ba shi da injin saiti a cikinsa, da injin jikin kyamara yake dogara. Su D3200, D3500 da D5300 kuwa ba su da wannan injin. Na taɓa sayen mai D a hannun wani mai shago da bai gaya mini ba, na ɗaura a kan D3200 ranar sunan ɗiyar yayata. Sai da aka miƙo mini jaririya cikin zane, mata sun kewaye ni, sannan na ga gilashin ba ya motsi ko kaɗan. Da yatsa na yi ta murza zoben ina zufa, rabin hotunan suka fito ido a dushe. Suna kuwa ba a maimaita shi. Har yau abin yana ci mini rai. Mai irin waɗannan kyamarori ya nemi wanda aka rubuta AF-S a jikinsa.

Shi 85mm f/1.8 sarki ne wajen fuska, ba musu, ko na Canon mai USM ko na Nikon mai G. Sai dai kuɗinsa ya ninka na 50mm, kuma a kan ƙaramin sansa yana komawa kamar 130mm ko fiye kaɗan a Canon. Ɗakin hotonmu nawa ne girmansa? Za ka yi ta ja da baya har ka jingina da bango, amma daga kafaɗa zuwa kai kawai za ka samu. Wurinsa fili ne: bakin Binuwai da yamma, ko ranar sallah a ƙofar fadar Lamiɗo inda mahaya ke sukuwa ba ka iya matsawa kusa. Gilashi na biyu ne, bayan sana'a ta fara kawo kuɗi.

35mm, irin Nikon AF-S DX 35mm f/1.8G, ya dace da zaure mai ƙunci, da hoton mutum a tsaye ana son babbar riga ko lafaya ta fito gaba ɗaya. Kada dai ka kusanci fuska da shi, yana ƙara girman hanci. Yongnuo 50mm na Sin kuma ya fi kowa araha. Yana fitar da hoto, amma saitinsa na da ƙara da jinkiri in haske ya ragu. In aljihu ya matse, a lallaɓa da shi.

Mai sabuwar kyamara marar madubi ya duba gindinta tukuna. Canon RF 50mm f/1.8 na 2020 ba ya hawa kan 2000D, amma EF yana hawa kan kyamara mai gindin RF da mahaɗi, wato zoben da ake sawa tsakaninsu. In farashin Turai ka gani a intanet, Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, sai ka ƙara kuɗin kawowa da na kwastan.

Yawancinmu na hannu za mu saya, ko a Garwa, ko Marwa, ko Injamena. Tafi da kyamararka, kada ka yarda da "ai yana aiki". Haska fitilar waya ta cikin gilashin. 'Yar ƙura ba komai ba ce, mu da muke cikin hazo. Amma in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, an fi samunta a kayan da suka zauna cikin laimar Duwala, kuma yaɗuwa take yi. Ajiye shi ko nawa aka rage maka. Sannan ka ce wa mai shagon, "Alhaji, ɗan tsaya mini," ka ɗauki idonsa a f/1.8, ka zuƙo hoton ka ga ko gashin ido ya fito. In ciniki ya faɗa, haɗa da matatar kariya, wadda ake murzawa a bakin gilashin, tun a nan saboda ƙurar hunturu: mai faɗin 49mm ce ta Canon STM, 58mm ta Nikon G.